Mamatan Gida Mai Lamba Tara

Ofishin rajistar haihuwa da mutuwa na unguwar ɗaki ɗaya ne a jikin katangar maƙabarta, da taga ɗaya, da fankar da ke juyawa in ta ga dama. A nan mutumin da kowa ke kira Jan Biro ya yi shekara ashirin da takwas yana aiki. Littafi biyu ne kullum a gabansa: na haihuwa yana cika shi da shuɗin biro, na mutuwa da ja. Da yake mutane sun fi tuna ranar da suka zo masa da kuka a kan ranar da suka zo da murna, sunan jan biron ne ya bi shi. Har matarsa, in ya ɓata mata rai, da shi take kiransa.

Gajere ne, siriri, mai taurin kai na bugawa a jarida. In ya ce a'a, gara ka je ka lallashi katangar da ke bayansa. Rubutunsa kuwa tsaf, ba gogewa, ba kankarewa. Sufetoci sun zo sun tafi, babu wanda ya taɓa samun kuskure a littattafansa, domin babu wanda ya san inda zai duba.

Tun kafin ya fara aiki akwai wata doka: ba a binne kowa a maƙabartar unguwa sai mai adireshi a cikinta. Wanda ba shi da shi, sai a kai shi filin hukuma can bayan gari, tafiyar awa biyu, in an samu mota. In ba a samu ba, ya yi sati uku ko huɗu a firjin babban asibiti da lamba ɗaure a yatsan ƙafa. Wanda ya rubuta dokar nan, ko waye shi, bai taɓa taka unguwar ba. A cikinta babbar tashar mota take, da kasuwar sari, da masana'antu biyu. Cike take da 'yan dako da leburori da masu gadi waɗanda suka zo daga nesa, suna kwana inda barci ya same su, su yi shekaru suna ɗaukar kayan mutane, ran da suka faɗi a ce ba 'yan nan ba ne.

A watansa na huɗu a ofishin, 'yan dako huɗu suka turo amalanke har bakin taga, da abokinsu a kai an lulluɓe shi da zani. Buhu ya ɗauka, ya durƙushe, bai sake tashi ba.

"Ina yake zaune?" in ji Jan Biro.

"A barandar shagon mai siminti yake kwana. Shekara goma sha ɗaya."

"Baranda ba adireshi ba ce."

Ba su yi gardama ba, ba su roƙe shi ba. Tsayawa kawai suka yi cikin rana, gumi na zuba, suna kallon hannunsa. Shirun nan ne ya ci shi. Ya ja takarda, a gurbin adireshi ya rubuta: layin bayan tasha, gida mai lamba tara. Gidan da yake haya ke nan shi da amaryarsa. Ya buga hatimi, ya miƙa musu, ya ce su wuce wurin mai haƙa kabari.

Daga nan abin ya zama jiki. Da ya ga lamba tara ta fara yawa, sai ya rarraba: wasu a gidan mai aski, wasu a saman benen tela, wasu a gidan ungozomar da ke riƙe da ƙaramin asibitin haihuwa na unguwar. Ita da kanta ta same shi ta ce, "Sa su a gidana. Ni nake karɓar masu shigowa, ba zan ƙi masu fita ba." Amma bai yarda gaskiya ta ɓace ba. A gida yana da wasu littattafai na makaranta, a akwatin ƙarfe ƙarƙashin gado, inda yake rubuta sunan kowane baƙo yadda abokansa suka san shi, da inda aka ce ya fito, da layin da kabarinsa yake, don ko dangi za su zo nema wata rana. Sun kuwa sha zuwa. Bai taɓa jin ya yi laifi ba, ko na minti ɗaya.

'Ya'yansa uku. Biyu sun yi aure sun yi nisa. Auta ce ta karanta lissafi a jami'a, ta samu aiki a ofishin tsare-tsare na birni, hawa na shida. Ranar da ta kama aiki, duk wanda ya zo yin rajista sai da ya ji labarin, har da masu makoki.

Wata Asabar da hantsi Auta ta shigo gida da fayil a hammata, fuskarta ba walwala. Mamanta na gugar rigunan aikinsa a falo. Shi kuma yana zaune yana gyaran hannun tabarau da zare. Ta gaishe su, ta zauna a bakin kujera, ta ce za a rufe asibitin haihuwa na unguwa a ƙarshen shekara, a mayar da kowa babban asibiti.

"Wa ya ce?" in ji shi.

"Lissafi ne ya ce, Baba. Kuma ni aka ba in yi shi."

Ta cire kalandar bango, ta juya bayanta a kan tebur, ta rubuta layi ɗaya: dP/dt = (h − m)P.

"Wannan P ɗin yawan mutanen unguwa ne. Na gefen hagu kuma saurin da yawan yake canjawa ne, ƙaruwa ko raguwa. Ga h, haihuwa nawa ake samu cikin kowane mutum dubu a shekara. Ga m, mutuwa nawa. Ka cire mutuwa daga haihuwa, ka ninka da yawan mutanen da ake da su."

"Wato in haihuwa ta fi, mu ƙaru, in mutuwa ta fi, mu ragu." Ya ɗora tabarau a hanci. "Abin da kika yi shekara huɗu kina karantawa ke nan? Da kin zo ofishina da na gaya miki a rana ɗaya."

"Shi ne, Baba, sai dai ba a tsaye yake ba. Waɗanda suka rage bana su ne masu haihuwa baɗi. Kowace shekara a kan ta baya take hawa, shi ya sa ake iya hango gaba." Ta ja wani layi mai lanƙwasa yana gangarawa. "An daɗe ba a yi ƙidaya ba, don haka da rajistarka muke aiki. Muna da mutum dubu goma sha biyu. Haihuwa ashirin cikin dubu. Mutuwa ashirin da shida. Kowace shekara muna asarar shida cikin dubu. Nan da shekara ashirin da biyar za mu koma dubu goma da ɗari uku. Tsarin ofishinmu kuwa ya ce unguwar da ke raguwa ba a bar mata asibitinta."

"Raguwa?" Maman Auta ta dangwarar da dutsen guga. "Su zo su ga layin famfo da safe. Ko wurin sa ƙafa babu."

"Ni ma abin da na ce ke nan, Mama. Babu unguwar da mutuwarta ta wuce goma sha biyu, sai tamu. Sai na sa aka fito min da takardun, na bi su ɗaya bayan ɗaya." Ta buɗe fayil ɗin, ba ta kalli mahaifinta ba. "Baba, a gidan nan aka haife ni. Mutum nawa suka rasu a cikinsa?"

"Kakarki kaɗai, Allah ya jiƙanta," in ji uwar.

"A takarda ɗari biyu da goma sha huɗu ne."

Maman Auta, wadda ta san komai tun daga na farko, ta ɗauki wata rigar ta shimfiɗa, ta ce, "Shi ya sa nake jin gidan ya yi mana kaɗan." Ba wanda ya yi dariya.

Jan Biro ya tashi, ya shiga ɗaki, aka ji ƙarar jan akwatin ƙarfe. Ya fito da littattafai tara ya jibge su a kan kalandar, a kan layin nan mai gangarawa. Auta ta buɗe na sama, ta karanta shafi ɗaya, ta karanta na biyu, idanunta suka cika. Ta gane abin da ya yi, ta kuma gane abin da zai biyo baya. Rahotonta yana teburin Daraktan ofishinsu tun Alhamis. Ranar Laraba kwamiti zai zauna ya sa hannu. Hanya ɗaya ce ta ceton asibitin: a gyara lambar mutuwa. Ba kuma za a gyara ta ba sai da shaida, shaidar kuwa ita ce za ta ci aikin ubanta, saura shekara biyu ya yi ritaya da sunansa fes.

"Zan iya rage lambar da kaina," ta ce a hankali. "In ce kuskuren shigarwa ne. Ba lalle a bincika ba."

"Ke!" Ya daka mata tsawar da rabonta da ji tun tana firamare. "Wata shida da fara aiki za ki fara da ƙarya? Ƙarya ɗaya ta ishi gidan nan, kuma tawa ce. Kada in sake ji."

Ranar Lahadi bai yi wa kowa magana ba. Haushi yake ji, bai ma san na wa ba. Ya ji haushin layin lissafin nan, da wanda ya ƙirƙiro shi, da masu zama a hawa na shida suna kashe unguwa da fensir. Sai dai duk inda ya juya maganar, kansa take dawowa. Lissafin bai yi ƙarya ba. Abin da aka ba shi ya ci, kuma shi ne ya ba shi. Shekara ashirin da takwas yana ganin alheri yake yi wa matattu, ashe yana zare gado daga ƙarƙashin masu naƙuda. Wannan ne ya yi masa ciwo, ciwo na gaske.

Litinin da safe, kafin ya buɗe ofis, ya bi ta asibitin haihuwa. Gado takwas ne, duk a cike. A baranda mata masu ciki sun jeru a kan benci, wasu a tsaye sun dafe ƙugu. Babban asibiti yana can ƙetaren layin dogo da gadar sama, minti hamsin in hanya ta cushe, kuma kullum a cushe take. Ungozoma ta fito tana cire safar hannu, ta tsufa, ta yi furfura, amma muryar tana nan.

"Ka ji wai ƙarewa muke yi?" ta ce. "Satin da ya wuce bakwai na karɓa. Biyu ma tagwaye ne."

Ya gaya mata komai a tsaye, bai rage ba. Ta ce za ta bi shi ranar Laraba ta faɗa musu da saninta aka yi.

"Ki bi ni ki ce me? A kore mu mu biyu, a bar asibitin ba mai riƙe shi? Zauna a kan aikinki, Hajiya. Ba ki san komai ba, ba ki ga komai ba."

"Taurin kan nan naka shi zai kashe ka."

"In ya kashe ni ina da adireshi," in ji shi, ya wuce.

Ranar Laraba ya sa farar rigar da aka fi goge masa, ya zuba littattafan a jakar kasuwa, ya hau bas. Bai yarda da lif ba, don haka da ƙafa ya hau hawa shida, yana hutawa a kowane biyu. Ɗakin taron sanyi kamar cikin firji, dogon tebur, mutum bakwai, Darakta a kai. Auta tana gefe kusa da farin allo, layinta mai gangarawa a zane. Ba wanda ya gayyace shi. Ya yi sallama, ya ajiye jakar a tsakiyar tebur, tsakanin kwalaben ruwa.

"Yallaɓai, ni ne mai rajistar unguwar da za ku rufe wa asibiti. Lambar mutuwar da kuke aiki da ita ba daidai ba ce. Ni na ɓata ta. Mutum dubu uku da ɗari bakwai da goma sha ɗaya na rubuta a matsayin 'yan unguwa alhali ba su da adireshi a cikinta. Ga su nan, kowa da sunansa da ranarsa."

Darakta ya cire tabarau. Ba mugun mutum ba ne, mai son takarda ta zauna daidai ne kawai, irin mutanen da kan fi mugaye wahalar sha'ani. "Malam, ka san abin da kake faɗa kuwa?"

"Na san shi da ranakunsa, ranka ya daɗe."

"Su wa suka taya ka? Masu gidajen nan sun sani?"

"Biro ɗaya ne, hannu ɗaya. Ba na neman izini kafin in yi rubutu."

Aka yi ta juya shafuka. Wani ya haɗa littafi na bakwai da takardun hukuma na shekara biyar da suka wuce, suna da suna, rana da rana, suka yi daidai. Sai Darakta ya juya ga Auta. Bai ce 'yar Jan Biro ce ba, ko da yake kowa a ɗakin ya riga ya gane. Ya ce ta cire baƙin ta sake lissafin a gabansu.

Ta tsaya a allo. Ta ɗauki alƙalami. Baƙin kusan ɗari da tamanin ne a shekara, goma sha biyar ke nan cikin dubu. Ta goge ashirin da shida ta rubuta goma sha ɗaya. Ashirin a cire goma sha ɗaya, saura tara, kuma a wannan karon ƙaruwa ce. Ta ja sabon layi daga wuri ɗaya da tsohon, ya lanƙwasa ya yi sama. Nan da shekara ashirin da biyar, dubu goma sha biyar. Jan Biro bai fahimci ƙananan haruffan da ta jera a ƙasa ba, amma ya ga inda layin ya nufa, ya kuma ga 'yarsa ta faɗi lambar da za ta ci aikinsa ba tare da ta rage ko ɗaya ba. Bai taɓa alfahari da ita kamar lokacin ba.

Wata mata a ƙarshen tebur, likita ce, ta ce in haka ne gado takwas ma ba zai isa ba. Aka janye maganar rufewa nan take. Daga nan aka dawo kansa.

Darakta ya yi ƙoƙari, a faɗi gaskiya. Ya ce in ya rubuta takardar neman afuwa, ya ce ya yi nadama, za a duba shekarunsa a bar shi ya sauka a hankali, ba tare da an rubuta kora ba. Har takarda da biro aka turo masa gabansa.

"Zan rubuta cewa na cuci mata masu haihuwa ban sani ba," in ji shi. "Wannan na yi nadamarsa, kuma shi ya kawo ni. Amma in rubuta na yi nadamar binne mutum? Mutumin da ya yi shekara goma yana ɗaukar mana kaya? Yallaɓai, ka ba wani wannan takardar." Ya tura ta da yatsa ɗaya ta koma inda ta fito.

"To, ka ɗaure min hannu," in ji Darakta. "Gobe ƙarfe goma sha biyu ka miƙa makullai da hatimi."

"Allah ya kai mu," in ji Jan Biro. Ya bar musu littattafan, ya ɗauki jakarsa ba komai a ciki. Auta ta biyo shi har bakin bene tana kuka, ya ce ta koma ciki, ana kallonta.

Washegari ƙarfe takwas ya buɗe ofis kamar kullum. Ya yi rajistar jarirai uku. Wajen tara da rabi wata motar kaya ta tsaya a bakin taga, leburori uku suka sauko. Maigadin masana'anta ne ya rasu da asuba. Shekara goma sha shida yana kwana a ɗakin gadi, ba shi da kowa a garin. Sun ji labarin abin da ya faru jiya, don haka suka tsaya nesa-nesa, ba su san ko su yi magana ba.

Ya ja takarda. Ba zai sake ɓata wa Auta lamba ba, ba kuma zai kore su ba. A gurbin adireshi ya rubuta da manyan baƙaƙe: ba shi da adireshi, ya yi aiki a unguwar nan shekara goma sha shida. Ya buga hatimi da ƙarfi har tebur ya amsa.

Mai haƙa kabari, ƙaton mutum mai jinkirin magana, ya karɓi takardar ya juya ta. "Malam, wannan ba ta bi doka ba."

"Hatimin na hukuma ne, hannun nawa ne, kuma har ƙarfe goma sha biyu ni ne mai rajista. Je ka haƙa." Sai ya juya ga leburorin. "Ku kuma, in akwai wanda kuka sani yana firjin asibiti, ku gaya wa mutanensa su kawo min sunansa yanzu. Ku yi sauri."

Biyu daga cikinsu suka kwasa a guje, ɗaya ya nufi tasha, ɗaya kasuwa. Kafin sha biyu saura minti biyar ya buga hatimi a ƙarin takarda biyar, kowace da gaskiyarta a rubuce. Sha biyu daidai mutumin da aka turo daga hawa na shida ya iso. Jan Biro ya miƙa masa makullai da hatimi, ya nuna masa yadda ake lallaɓa fankar, ya fito.

Mai haƙa kabari na jingine da ƙofar maƙabarta. "Yau dai mun wuce. Gobe fa? Wannan sabon ba zai yarda ba."

"Na sani." Ya san gobe za a mayar da wani, kuma ba shi da abin da zai hana. "Gobe zan zo da kujerata in zauna nan a waje. Titi ba na hukumar rajista ba ne. Duk wanda aka koro, in rubuta sunansa da kwana nawa ya yi a firji, in kai wa Auta duk ƙarshen wata. Tunda lamba suke ji, za su ji lamba."

Kabari shida ya fi ƙarfin mutum ɗaya kafin rana ta faɗi. Ya cire farar rigarsa ya rataye a jikin ƙofa, ya ce a ba shi ɗayan shebur ɗin.